Yadda ake ɗaukar hoton halittun teku a ƙarƙashin ruwa

Mai nutso da ya fara sauka da kyamara kusan koyaushe yana fitowa da irin hotuna ɗaya: komai shuɗi, kifin ɗan ƙarami can nesa ya ba da baya, ga ɗige-ɗige fari sun cika hoton. Sai ya ɗora wa kyamarar laifi, ya fara neman mai tsada. Alhali laifin na ruwan da ke tsakaninsa da kifin ne. Duk dabarun wannan sana'a sun taru a kan rage yawan wannan ruwa, da kawo hasken da zai maye wanda ruwan ya shanye. Misalan da ke nan na Bahar Maliya ne, daga Ras Muhammad a Masar zuwa Sanganeb da Sha'ab Rumi da ke gaɓar Port Sudan, domin ruwan wurin garau yake kuma murjani ya yi yawa, amma ƙa'idojin ba sa canzawa a wani teku.

Abin da ruwa yake yi wa haske

Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne farkon tafiya, kusan a mita 5 ya ɓace. Ruwan lemo yana biye masa a wajen mita 10, rawaya a wajen mita 20, sai a bar ka da kore da shuɗi. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, duk tafiyar da hasken ya yi a cikin ruwa ce. In kana zurfin mita 3, kifin kuma yana nesa da kai da mita 3, hasken rana ya yi tafiyar mita 6 kafin ya shiga kyamararka, jan ya riga ya tafi. Haka ma hasken filasha: zai je ya dawo. Kifin da ke mita 2 da rabi daga gare ka, hasken ya ci mita 5 ke nan. Shi ya sa duk ƙarfin filasha, in abin ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba za ta dawo maka da launinsa ba.

Na biyu, ruwa yana lanƙwasa haske. Ta cikin shafaffen gilashi, irin na tabarau ɗin nutso, abu yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma bayyana kamar ya matso da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idonka zai ce maka ka matso sosai alhali da saura. In ka ji a ranka nisan ya yi, ƙara matsawa.

Kafin ka taɓa kyamara

Wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba, ba ya sama ba ya ƙasa, to lokacin riƙe kyamararsa bai yi ba. Wannan ba tsaurin ra'ayi ba ne. Kyamara tana cinye hannuwa biyu da kusan duk hankalin mutum, wanda kuwa har yanzu yake fama da rigar iskarsa, wadda ake hura wa iska don daidaita tsayuwa a ruwa, zai riƙa dukan murjani da ƙafa, yana tayar da yashi, yashin kuma ya ɓata hotonsa da na duk wanda ke bayansa. Gwada kanka a wuri mai yashi a mita 5 zuwa 8: ka tsaya minti ɗaya a kwance, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu a sama, ba ka motsa hannu ba, numfashi kawai ke ɗan ɗaga ka yana sauke ka. Ka koyi bugun ƙafa irin na kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa, ka kuma koyi ja da baya ba tare da ka juya ba, domin haka ake barin wurin kifi bayan an gama ɗauka.

Kada ka riƙe numfashi don hoto ya fita. Wannan ita ce muguwar al'adar da masu hoto ke kawowa daga tudu. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin ka kai saman ruwa, kuma ɗagawar mita ɗaya ko biyu da huhu a cike, musamman a ruwa marar zurfi, ta isa ta ji wa huhu rauni. Ka danna a ƙarshen fitar da numfashi a hankali, lokacin jiki ya fi natsuwa.

Kayan aiki

Ƙaramar kyamara irin Olympus TG-6 tana jure mita 15 ita kaɗai, in an sa ta a kwansonta kuma, wato akwatin da ke hana ruwa taɓa ta, ta kai mita 45, ga ta da iya ɗaukar ƙananan halittu kusa-kusa. GoPro tana jure mita 10 ba kwanso, da kwanso mita 60, amma ta fi dacewa da bidiyo. Manyan kyamarori masu canjin lens suna buƙatar kwanson da aka ƙera musu takamaimai, irin na kamfanin Nauticam ko Ikelite, kuma sau da yawa kwanson ya fi kyamarar tsada. Ga mai ƙaramin kasafi, gara ƙaramar kyamara da filasha ɗaya mai kyau da babbar kyamara ba filasha.

Lens iri biyu ne ke aiki a ruwa, kuma dukansu dalilinsu ɗaya: suna ba ka damar matsawa. Akwai mai faɗin gani, wanda ke ɗaukar tudun murjani ko kunkuru ko jirgin da ya nutse daga ƙasa da mita ɗaya. Akwai na ƙananan abubuwa, milimita 60 ko 100, wanda ke cika hoto da halitta kamar ɗan yatsa. Lens mai janyo nesa ba shi da amfani a nan. Mai faɗin gani yana zama bayan gilashi mai siffar ƙoƙo, wanda ke hana ruwa matse faɗinsa. Na ƙananan abubuwa yana zama bayan shafaffen gilashi, domin ƙarin girman da ruwa ke yi riba ce gare shi. Da yake ba a canza lens a ƙasan teku, tun a jirgi za ka yanke shawarar abin da ka sauka nema. Ranar da ka ɗaura na ƙananan abubuwa, ranar ce babban kifi zai gifta ta gabanka, sai haƙuri.

Zoben roba

Abin da ke tsakanin kyamararka da ruwan gishiri wani siririn zoben roba ne da ke kwance a ramin murfin kwanso. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya a kansa ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Ka haɗa kayanka tun da daddare ko da sassafe, a ɗaki mai haske, ba a kan jirgi ana gaggawa ba.

Ciro zoben ta hanyar matsa shi da yatsu biyu har ya ɗago, ko da ɗan tsinken roba; kada ka sa wuƙa ko allura. Goge ramin da ƙyalle marar gashi. Ja zoben tsakanin yatsunka kana ji, yatsa ya fi ido gano tsaga. Sai ka ɗebi man da kamfanin kwanson ya bayar, kamar ƙwayar shinkafa, ka shafa har zoben ya yi sheƙi kawai. Man ba shi ke tare ruwa ba, aikinsa ya sa robar ta zame ta zauna daidai. In ya yi yawa sai ya zama tarkon yashi da gashi. Kuma kada ka ari man wani, domin akwai zoben da ke kumbura in ya haɗu da man da ba nasa ba. Mayar da shi ba murɗewa, duba shi da tocila, ka rufe.

Kafin ka rufe ɗin, tabbatar batir ya cika, katin ajiya yana ciki, an cire marufin lens. Saka ƙaramin ƙunshin silika mai shanye danshi, ka kula kada gefensa ya shiga bakin murfi. In kwanson yana da famfon zuƙe iska, zuƙe ka jira minti 15 zuwa 20. In fitilar gwajin da ke jikin kwanson ta tsaya kore, ya rufu. Ɗauki hoto ɗaya a ɗaki ka ga filasha ta tashi. Sabon kwanso kuwa, fara sauka da shi babu kyamara, da takardar goge hannu a ciki, ka danna kowane maɓalli a ƙasa.

Yawancin shigar ruwa a kusa da saman ruwa take faruwa, domin a can matsin bai kai ya danne zoben sosai ba. Saboda haka kada ka yi tsalle da kyamara a hannu. Ka shiga, a miƙo maka ita. A mitocin farko ka dubi cikin gilashin. In ka ga ɗigon ruwa, juya gilashin ya kalli ƙasa don ruwan ya taru nesa da kyamarar, ka yi wa abokin nutsonka alama, ku hau da saurin da aka saba. Kyamara ba ta kai a yi gudun hawa saboda ita ba. Gumi a cikin gilashi kuwa yana zuwa ne in an rufe kwanso a iska mai danshi ko an bar shi a rana, sannan aka tsoma shi a ruwa mai sanyi. Rufe shi da jiƙaƙƙen tawul a inuwa.

Saitin kyamara: haske biyu a hoto ɗaya

Nan ne zuciyar aikin. A hoto mai faɗi akwai haske biyu, kuma kowanne da abin da ke juya shi. Shuɗin ruwan da ke baya hasken rana ne. Murjanin ko kifin da ke gaba hasken filasha ne. Walƙiyar filasha gajeriya ce ƙwarai, don haka saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ba ya taɓa ta. Shata tana juya shuɗin baya ne kawai. Ƙofar haske (lambar f/, wadda ƙaruwarta ke matse ƙofar) da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) suna taɓa duka biyun. Ƙarfin filasha da nisanta suna taɓa na gaba kawai.

Sa kyamara a saitin hannu, ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye duk bayanan hoto don gyara daga baya. Fara da f/8, shata 1/125 na daƙiƙa, ISO 200, filasha a rabin ƙarfi. Kafin ka nemi wani kifi, nufi fankon ruwa ka ɗauka. In shuɗin ya yi fari-fari, ƙara sauri zuwa 1/160 ko 1/200. In ya yi duhu, sauko zuwa 1/80 ko 1/60. Kada ka wuce iyakar saurin da kyamararka ke iya haɗuwa da filasha, yawanci 1/200 ko 1/250, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton. Da shuɗin ya yi maka, bar shi. Yanzu matsa kusa da dutse ko murjani, kamar tsawon hannu, ka gyara ƙarfin filasha kaɗai har launin ya fito ba tare da farin wurare sun ƙone ba. Duk lokacin da ka canza zurfi sosai ko ka juya wajen rana, sake gwada shuɗin.

Da gilashin ƙoƙo kada ka buɗe ƙofar haske fiye da f/8, a babbar kyamara ma f/11 ya fi, domin in ka buɗe sosai kusurwoyin hoton suna dusashewa.

Ga ƙananan halittu lissafin ya fi sauƙi, tunda filasha ce ke ba da kusan duk hasken: f/16 zuwa f/22 a babbar kyamara, 1/200, ISO 100 ko 200. A wannan kusanci abin da ke fita tas bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa ake matse ƙofar. In bayan halittar fankon ruwa ne, zai fito baƙi ƙirin, launinta ya tashi. Sa ɗigon saiti, mai nuna inda hoton zai fita tas, a kan ido. Kifin da idonsa bai fita ba, hoton ya mutu ko da sauran jikin ya yi kyau.

In ba ka da filasha, tsaya a zurfin da bai wuce mita 10 ba, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, rana a bayanka. Saita farin launi, wato nuna wa kyamara abin da yake fari, da hannu a kan farin allo ko yashi, ka sake duk bayan mita 2 ko 3 na zurfi. Jan gilashin tace launi yana taimakawa a ruwan shuɗi, amma kada ka haɗa shi da filasha, komai zai koma ja.

Inda ake ajiye filasha

Duk wanda ya taɓa kunna babbar fitilar mota a cikin hazon hunturu ya san abin da ke faruwa: ƙurar ce ke haskawa, hanya ta ɓace. Haka ruwan teku yake, cike da ƙananan halittu da yashi ko da ido yana ganinsa garau. Filashar da ke kusa da lens tana haska wannan ƙura kai tsaye, hasken ya dawo cikin lens, shi ne ɗige-ɗigen nan. Shi ya sa filashar jikin kyamara ba ta da amfani sai a kusa ƙwarai, aikinta kawai ta tayar da ta waje ta siririyar wayar haske.

Maganin shi ne ruwan da ke gaban lens ya zauna a duhu, haske ya faɗa kan abin da ake ɗauka kawai. Ga hoto mai faɗi, miƙe hannuwan filasha biyu gefe da gefe, kamar ƙarfe 10 da ƙarfe 2 a fuskar agogo, ka ja su baya su zama a bayan gilashin ƙoƙo, suna kallon gaba sak ko ma sun ɗan karkata waje. Gefen hasken ne zai taɓa abin, ba tsakiyarsa ba. Gwargwadon nisan abin, gwargwadon buɗe hannuwan. In ka matso sosai, janyo su kusa da kwanso, in ba haka ba tsakiyar hoton zai yi duhu. Kuskuren da aka fi yi shi ne nufar filasha inda ido ke ganin kifin. Tunda ruwa ya nuna shi kusa fiye da inda yake, sai hasken ya faɗi a gabansa, ya haska ƙurar da ake gudu. Nufa ɗan bayansa.

In ɗige-ɗigen sun taru a gefe ɗaya na hoto, filashar wannan gefen ta yi gaba da yawa ko ta karkato ciki. Mai filasha ɗaya ya ɗora ta sama, ta ɗan koma gefe. Kifi mai azurfar jiki, irin barakuda, yana mayar da haske kamar madubi, rage ƙarfi sosai.

Tunkarar halittu

Kada ka bi kifi. Ya fi ka gudu, abin da za ka samu wutsiya ce. Dubi inda ya dosa ka tare gaba a hankali, ko ka nemi inda dole ya dawo. Kifin nan mai ruwan lemo da farin zane biyu, wanda ke zaune cikin halittar nan mai yatsu masu harbi, ba ya barin gidansa. Saita kyamararka a wuri ɗaya cikin yatsun, ka jira ya leƙo, zai leƙo. Akwai kuma wuraren wanka a jikin murjani, inda manyan kifaye ke tsayawa baki buɗe ƙananan kifaye na tsince musu ƙwari. In ka natsu a gefe minti biyu ko uku, suna ci gaba da harkarsu. Ƙananan kifayen nan masu ruwan lemo da ke yin gungu a kan murjanin Bahar Maliya suna shigewa rami da zarar kumfar numfashinka ta fashe, su sake bazuwa bayan daƙiƙa kaɗan. A wannan bazuwar ake dannawa.

Sauka ƙasa da abin ko daidai idonsa, ka nufa sama kaɗan. Hoton da aka ɗauka daga sama yana haɗe kifi da dutsen da ke ƙarƙashinsa, ga shi yawancin kifaye bayansu duhu ne don ɓuya. Daga ƙasa kuwa yana fita shi kaɗai a kan shuɗi. Bar masa fili a gaban fuska.

Kunkurun teku iska yake shaƙa, in ya nufi sama kada ka tare shi. Kifin shak mai kan guduma da ake zuwa gani a Sanganeb da Sha'ab Rumi yana da tsoro, sau da yawa yana can ƙasa kuma nesa. Kashe filasha ka ɗauki siffarsa da hasken rana, kuma kada ka bi shi zurfi. Kada ka taɓa komai, kada ka ɗaga wata halitta ka canza mata wuri don hoto. Baya ga ɓarna, akwai murjanin wuta mai ƙuna, akwai kifin dutse mai dafi wanda ba ka bambanta shi da dutsen da kake shirin dafawa. In dole ka tokare, yatsa ɗaya a kan mataccen dutse, bayan ka duba. Halitta mai manyan idanu da ba ta iya gudu, ɗauki kaɗan ka wuce, kada ka yi ta watsa mata walƙiya.

Agogon iska

Mai hoto shi ne mafi munin abokin nutso, wannan sananne ne. Ka sa wa kanka doka: duk bayan ɗaukar abu ɗaya, dubi agogon iska, kwamfutar nutso, da abokinka. A mita 30 kana shan iska ninki huɗu na abin da kake sha a sama, lokacin da za ka iya zama kuma gajere ne. Kada ka wuce zurfin takardar shaidarka, mita 18 ga matakin farko. Hau a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5, ka fito da saura bar 50 (ma'aunin matsin iska) a tulu. Wannan tsayawar ma lokacin hoto ce, haske ya fi yawa a nan. Ɗaure kyamara da igiya a jikin rigarka, yadda in wani abu ya taso za ka sake ta hannuwanka su samu 'yanci.

Bayan fitowa

Kada ruwan gishiri ya bushe a jikin kwanso, gishirin yana daskarewa a ƙarƙashin maɓallai ya ci ƙananan zobbansu. Tsoma shi a ruwan daɗi kana danna kowane maɓalli sau da yawa. Kada ka bar shi a bahon wanki na jirgi ka tafi. Wasu za su jefa nasu a kai, gilashin ƙoƙo ya karce ko murfi ya buɗe. Goge shi da tawul, ka goge hannunka da gashin kanka, domin ruwan da ke ɗiga daga gashi ko hannun riga yakan faɗa cikin kwanso a daidai lokacin buɗewa. Buɗe shi murfin yana kallon ƙasa.

A kwamfuta, fara da farin launi: ɗora ma'aunin farin launi na manhajar gyara a kan yashi ko wani abu mai ruwan toka, RAW zai dawo da abin da ya rage na ja. Abin da bai shiga hoton ba tun farko ba zai dawo ba, in ka matsa masa sai ruwan ya koma shunayya. Goge ɗige-ɗigen da suka yi kaɗan. Sannan buɗe bayanan kowane hoton da ya lalace ka ga saitinsa, ka rubuta gyara ɗaya tak da za ka gwada a nutso na gaba. In tafiyar ta ƙare kuma jirgin sama za ka hau, bar aƙalla awa 18 bayan nutso na ƙarshe in ka yi kwanaki kana yi, ka cire babban zoben kwanso kafin ka rufe shi a jaka, don kada canjin matsin iska ya manne murfin ya ƙi buɗuwa.